Kalmar «maniyyi» da matsalar bayyana aikin ciro ƙwayoyin haihuwar namiji da Hausa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu dubi kalma guda, wato «maniyyi», da irin cikas ɗin da take kawowa idan ana son bayyana wa majinyaci wani aikin fiɗa da ake yi wa mazan da ba su haihuwa. Ra'ayinmu shi ne: muddin ba a raba ma'anoni biyu da kalmar take ɗauke da su ba, bayanin likita ba zai isa kunnen mai saurare daidai ba.

2. Kalma ɗaya, abu biyu

Faransanci ya bambanta sperme, ruwan da ke fita, da spermatozoïde, ƙwayar da ke cikinsa wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Hausar yau da kullum kuwa, «maniyyi», da muka aro daga Larabci, shi ne duka biyun. Mu dubi wannan misali:

(1) Likita ya ce ba ka da maniyyi.

Mai jin (1) zai musa, kuma yana da hujja, domin yana ganin ruwan. Mafi yawan wannan ruwa daga wasu gaɓoɓi yake fitowa. Kason ƴaƴan maraina, inda ake ƙera ƙwayoyin, kaɗan ne. Saboda haka namiji na iya kasancewa da cikakken ƙarfi, ruwa na fita, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Wannan shi ne azoospermie, kuma yana samun kimanin namiji 1 cikin 100. Idan mijin ya ƙi yarda, laifin sai ya koma kan matar: harshen ma ya tanadar mata sunaye, «juya» da «bakarariya». Daga nan sai ƙarin aure, ko saki.

Muna ba da shawarar a bar «maniyyi» ga ruwan, a kira abin da ke ciki «ƙwayar iri». Manomi ya san zangarniya na iya fita ba tsaba.

(2) Akwai maniyyi, amma babu ƙwayar iri a cikinsa.

3. Yadda aikin yake

Da (2) a hannu, bayanin ya sauƙaƙa. Rashin ƙwayar iri kashi biyu ne. Na farko, ana ƙera ta amma hanya ta toshe, misali bayan ciwon sanyi ko tarin fuka, ko kuma an haifi mutum ba bututun. Na biyu, ƙirar ce ta yi rauni, misali bayan hangum da ya taɓa maraina, ko maraina da ba su sauko ba tun yarinta, ko wata tawaya ta halitta kamar ciwon Klinefelter.

A kashi na farko, likita yakan zuƙo ƙwayoyin da allura, ko ya ɗan tsaga, daga murɗaɗɗen bututun da ke manne da ɗan maraina, kuma kusan koyaushe ana dacewa. A kashi na biyu, sai a yanko ɗan nama daga cikin ɗan maraina a bincika. A 1999 Peter Schlegel, a Amurka, ya bayyana yin haka ƙarƙashin madubi, don a zaɓi jijiyoyin da suka fi kauri, a rage ɓarna. Duk da haka, kusan rabin masu wannan matsala ne kawai ake samun ƙwaya a jikinsu.

Ƙwayoyin da aka ciro ba su da yawa, ba su kuma da kuzarin shiga ƙwan mace da kansu. Abin da ya sa aikin ya yi amfani sosai shi ne dabarar da Gianpiero Palermo da abokan aikinsa suka bayyana a Beljik a 1992: a ɗauki ƙwaya guda da siririyar allura a cusa ta cikin ƙwan. Idan ya kama, sai a mayar da shi mahaifa.

4. Abin da fassara ba za ta ɓoye ba

Kada a kira aikin «magani», domin a Hausa magani warkarwa yake nufi. Aikin ba ya buɗe hanya, ba ya gyara ƙira. Kewaye matsalar kawai yake yi. Samun ƙwaya ba shi ne samun ciki ba. Matar ma, ko da lafiyarta ƙalau, sai ta sha allurai an ciro mata ƙwai. Sannan idan tawayar tana cikin ƙwayar gado ta Y, ɗa namiji da aka haifa zai gaje ta. Wanda bai ji waɗannan da harshen da yake fahimta ba, sa hannunsa a takarda bai zama yarda ba.

5. Kammalawa

«Ƙwayar iri» shawara ce, ba hukunci ba. Muna roƙon ɗalibanmu masu bincike a Maradi, Damagaram da Tawa su saurari abin da ma'aikatan asibiti da unguwarzoma suke faɗa a bakin aiki, su gwada (1) da (2) a kan masu magana maza da mata, su kawo mana abin da kowane ɓangare ya fahimta.