Ƙananan Madatsun Ruwa a Karkara: Amfaninsu da Haɗarinsu

Gabatarwa

A ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta Nijar, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, amma idan ruwa ya tashi sauka, da ƙarfi yake zuwa. Tuddan wurin na dutse ne, ba sa shan ruwa sosai. Sai ruwan ya gangaro cikin ƙoramu, ya kwashe shuka, ya rushe gidaje, kashegari kuma a neme shi a rasa. Domin maganin wannan ne ake gina ƙananan madatsun ruwa. A Nijeriya akan kira madatsa dam, a Nijar kuwa baraji. Bisa ƙa'idar masana, madatsar da tsayinta ya kai mita 15 babba ce. Na ƙauyuka yawanci ba su kai haka ba, kuma da ƙasa ake gina su, ba da siminti ba.

Shirin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gina irin waɗannan madatsu da dama. Mata ne suka yi yawancin aikin ƙarfi, suna ɗaukar duwatsu ana biyan su da abinci.

Yadda ake gina ta

Da farko akan zaɓi wurin da kwari ya tsuke. Sai a haƙa dogon rami a gicciye har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a cika shi da yumɓu, domin kada ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Daga nan a riƙa zuba ƙasa hawa-hawa, kaurin kowane hawa kamar santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Gindin bangon yakan yi faɗi, samansa kuma ya tsuke. Gefen da ke fuskantar ruwa akan jera masa duwatsu saboda igiyar ruwa, ɗaya gefen kuma a shuka masa ciyawa don ta riƙe ƙasa.

Abu mafi muhimmanci shi ne mafitar ruwa. Wata hanya ce mai faɗi da ake yi a gefen madatsa, ƙasa da saman bango, a shimfiɗe ta da siminti ko da duwatsun da aka ɗaure cikin ragar waya. Idan tafki ya cika, rarar ruwa ta nan take fita. Ke nan madatsa ba ta hana ruwa wucewa gaba ɗaya. Jinkirta shi take yi: ruwan da zai afka wa gari cikin awa guda, sai ya fita sannu a hankali. Wanda ya rage kuwa dabbobi su sha, a yi noman rani da shi, rijiyoyin da ke kusa su ƙara ruwa.

Abubuwan da ke ɓalle ta

Na farko, ruwa ya haura saman bango. Bangon ƙasa ba ya jure wannan. Da zarar ruwa ya fara bi ta kansa, sai ya yi ta cin ƙasa, kafin a ankara ya yi ɓaraka. Wannan yana faruwa idan mafita ta yi kaɗan ko ta toshe.

Na biyu, yoyo. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin gafiya, ko gidan gara, ko saiwar itacen da ta ruɓe, duk hanya ce ga ruwa. Yana shiga yana jan ƙasa, ramin yana faɗi, har bangon ya rufta.

Na uku, zaftarewa, wato gefen bango ya jiƙe ya zame, musamman inda ba a daɓe ƙasa da kyau ba.

Na huɗu, cikewa. Kowace damina ƙorama na kawo yashi da laka. Tafkin da ya cike ba shi da wurin ajiye ruwa, don haka ruwa kaɗan ma yana iya haura shi.

Haɗarin ba tatsuniya ba ne. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta jihar Kano, wadda aka gina da ƙasa zamanin gwamna Audu Bako, ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin Maiduguri. Waɗannan sun fi na ƙauye girma, amma darasin ɗaya ne.

Yadda ake kula da ita

Kafin damina ya kamata mutanen gari su zagaya madatsarsu. Su share mafita, su cire ƙananan itatuwa tun ba su yi saiwa ba, su toshe ramuka da yumɓu, su hana shanu hawa bango. Idan tafki ya cika, a riƙa duba bayan bango kullum. Ruwan da ke tsattsafowa garau ba lalle ne ya zama abin tsoro ba, sai dai a sa masa ido. Amma idan ya fito da laka, ko yana ƙaruwa, to bangon ne ake ci daga ciki. A sanar da mai gari da ma'aikata nan take, a kwashe mutanen da ke zaune a gangare.

Kammalawa

Inda aka gina madatsa, mutane kan saki jiki, har su yi gidaje a hanyar ruwa ta dā. Nan ne haɗari yake. Madatsar da ake kula da ita tana kare gari shekara da shekaru. Wadda aka yi wa sakaci kuwa, ruwan da ta tara domin amfanin gari shi za ta sako masa a dare ɗaya.