Tsadar fetur ta rage hayaƙin gidajenmu: Wane zaɓi ne ya kamata iyali su riƙe?

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, a manyan titunan Kano kamar titin Zariya da na Zoo, yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga ƙaramar mota cike da yara sanye da yunifom na makarantu daban-daban. Ba 'ya'yan mutum ɗaya ba ne. Maƙwabta ne suka raba kwanaki: yau wannan ya kai yaran layin, gobe wancan. A gefen titi kuma ga magidanta a kan keke, wasunsu da mota a rufe da tamfol a gida.

Ba wata lacca kan sauyin yanayi ce ta kawo wannan ba. Aljihu ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta zarce Naira 1,000 a Abuja. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: duk litar da iyali suka daina ƙonawa, sun rage iskar kabon da ke ɗumama duniya. Tambayar ita ce, a cikin dabarun da tsada ta tilasta mana, waɗanne ne suke rage hayaƙin da gaske, har ya dace a ci gaba da su ko da al'amura sun yi sauƙi?

Lissafin lita ɗaya

Idan aka ƙone litar fetur ɗaya, tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Litar man dizal kuma kusan kilo 2.7. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, don haka motar da salansarta ke fitar da hayaƙi fes ma tana fitar da ita.

A ɗauki misalin magidancin da motarsa ke shan lita 10 a kowace tafiyar kilomita 100, wanda ke yin kilomita 20 zuwa aiki da dawowa. A kwanakin aiki 22 na wata zai yi kilomita 440, ya ƙone lita 44, ya fitar da kusan kilo 100 na kabon. A shekara ya haura tan ɗaya, ban da zuwa kasuwa, ɗaurin aure da ziyarar 'yan uwa. Idan mutum huɗu masu hanya ɗaya suka shiga motar, kason kowannensu ya dawo kusan kilo 25 a wata, kuma motoci uku sun kwana a gida. Kuɗin mai ma haka yake rabuwa.

Wani zai ce mene ne ruwan Malam Bahaushe da wannan lissafi, alhali nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya? Gaskiya ne, manyan masu laifin suna can Amurka, Turai da China. Amma illar a ƙofar gidanmu take sauka. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, a watan Satumban 2024 kuma ruwa ya mamaye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau. Masana kimiyya sun yi ittifaƙin cewa ɗumamar yanayi na ƙara tsananin ruwan sama da zafi. Ban da haka, hayaƙin salansa na ɗauke da wasu gubobin da ke shiga huhun yaron da ke tsaye a bakin titi yana jiran tsallakawa. Wannan cutar ta gida ce, ba sai an jira taron ƙasa da ƙasa ba.

Gajerar tafiya ta fi ɓarna

Bakanikai sun san cewa injin da bai ɗauki zafi ba ya fi shan mai. Shi ya sa tayar da mota don zuwa masallacin Juma'a na unguwa, ko sayen burodi a bakin titi, ya fi kowace tafiya asara idan aka auna da nisanta. Tafiyar kilomita ɗaya a ƙafa ba ta wuce minti 12 zuwa 15 ga mai lafiya. A keke kuwa, kilomita biyar ba ta kai rabin awa.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun yi zamani da Raleigh, malaman makaranta da ma'aikatan En'e sun yi aiki a kansa da mutuncinsu. Daga baya ne aka mayar da shi alamar talauci. A 2001, lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga 'yan Najeriya su koma hawa keke, dariya aka yi masa, musamman bayan da mota ta ture shi a Abuja. Abin da ya same shi ya nuna ainihin matsalar da har yau ba a magance ba: titunanmu ba a gina su da mai keke ko mai tafiya a ƙafa a zuciya ba.

Akwai kuma iyakar da ba za a ɓoye ba. A watannin Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40 a garuruwan Arewa. Mata da yawa al'ada ba ta ba su damar hawa keke ba, tsofaffi da marasa lafiya kuma ba za su iya ba. Ga irin waɗannan, mafita ita ce haɗa buƙatu a fita ɗaya: cefane, ɗauko yara da sayen magani a zagaye guda, ko shiga bas da Adaidaita Sahu tare da wasu a maimakon ɗaukar shata.

Gas da lantarki: alheri da sharaɗi

Tun 2023 gwamnatin tarayya ke tallata mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG. Direbobi na son ta saboda araha, kuma tana fitar da kabon ƙasa da na fetur. Amma ragi ne kawai, domin ita ma makamashin ƙarƙashin ƙasa ce. Gidajen sayar da ita kuma sun yi ƙaranci a Arewa, inda ake sa ran bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, zai sauƙaƙa samunta. Sannan akwai batun rai. A Oktoban 2024 wata mota ta yi bindiga a wani gidan gas a Benin na jihar Edo, hukumomi suka ce tukunyar da aka sa mata ba ingantacciya ba ce. Duk mai son sauya motarsa ya nemi cibiyar da aka amince da ita, kada ya kai wa mai walda.

Ta ɓangaren lantarki, Maiduguri ce ta yi fice. A can ne Mustapha Gajibo ya fara sauya ƙananan bas-bas masu shan fetur zuwa masu aiki da batir, kuma a Disamban 2023 gwamnatin Borno ta ƙaddamar da bas-bas da tasi masu amfani da lantarki da gas a kan farashi mai rahusa. Amma ribar abin hawa na lantarki ta dogara da inda aka yi cajinsa. Wanda ya ja janareto ya caja babur ɗinsa, ya dai ɗauke hayaƙin daga titi ya kai shi tsakar gida. Caji da hasken rana ne ke cika amfanin.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Ga iyalin da ba su da halin sauya abin hawa, akwai abubuwan da ke hannunsu. Taya mai ƙarancin iska na ƙara shan mai, kuma mai faci zai duba ta cikin minti biyu. Motocin zamani ba sa buƙatar a bar su suna aiki na minti goma da safe da sunan ɗumama inji. Barin inji a kunne a ƙofar makaranta ana jiran yara su tashi, ƙona kuɗi ne a tsaye. Fizgar mota da taka birki da ƙarfi, tsofaffin filogi, da kayan nauyin da suka yi wata a but, duk suna ƙara lita. Haka nan cire abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, don a sayar: hakan na sakin gubar da ya kamata ya tace ta shiga hancin jama'a.

A taron Glasgow na 2021 tsohon shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, kuma a shekarar ce aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Cika wannan alƙawari na buƙatar abin da iyali ba za su iya yi wa kansu ba: manyan bas-bas masu zuwa a kan lokaci, hanyar masu tafiya a ƙafa da 'yan tireda ba su mamaye ba, layin keke, da bishiyoyin inuwa a gefen titi. Muddin babu waɗannan, duk wanda ya samu sarari zai koma motarsa shi kaɗai.

Kafin nan, akwai gwajin da kowane magidanci zai iya yi a wannan makon. Ya rubuta duk fitar da aka yi da mota ko babur a gidansa na kwana bakwai, da litocin da aka saya, ya ninka da 2.3. Sannan ya duba jerin ya ga fita nawa ce ba ta kai kilomita biyu ba, nawa ce kuma maƙwabcinsa ya bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya.