Yadda A Ke Raɗa Wa Duwatsun Sama Suna

Jama'a, kowa ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'ya'yanta. Waɗannan tun kaka da kakanni su ke da sunayensu, ba wanda zai ce ga ranar da aka raɗa musu. To, amma akwai waɗansu halittu a sararin sama da ba su yi wannan dacen ba, sai an gano su ɗaya bayan ɗaya kana a zauna a yi musu suna. Su ne duwatsun da ke kewaya rana, galibinsu tsakanin Mirrihu da Mushtari, watau Mars da Jupiter a bakin Turawa. Masana na ce da su astaroyid, kalmar Girkanci ce mai nufin "mai kama da tauraro". Wanda ya laƙa musu ita shi ne William Herschel a 1802, don a madubin hangen nesa ɗigon haske kurum ya ke gani.

Na farin an gano shi ran 1 ga Janairu, 1801. Wani malamin taurari ne mai suna Giuseppe Piazzi ya hango shi daga birnin Palermo na tsibirin Sisili, a Italiya ta yau. Ya sa masa suna Ceres Ferdinandea. Ceres gunkiyar noma ce ta Rumawan dā, Ferdinand kuwa sarkin ƙasarsa ne. Mutanen sauran ƙasashe suka ce ba su yarda a kai sarkin wani sama ba, aka yanke wutsiyar sunan, ya saura Ceres. Faɗinsa ya kai wajen mil 580, ya fi duk 'yan'uwansa girma, har a 2006 aka ɗaga shi zuwa sahun ƙananan duniyoyi.

Daga nan al'ada ta kafu, sunayen mata daga tatsuniyoyin Girka da Rum: Pallas a 1802, Juno a 1804, Vesta a 1807. A 1850 John Russell Hind na Landan ya gano na goma sha biyu, ya ce sunansa Victoria. Sai masana a Amurka suka yi tsaye, suka ce ai sarauniyar Ingila ya ke wa fadanci. Hind ya ce shi gunkiyar nasara ta Rumawa ya ke nufi. Aka yi ta ja-in-ja, daga bisani sunan ya zauna. A 1898 kuma aka gano wani a Berlin aka sa masa Eros, sunan namiji, tun daga nan ƙofa ta buɗe wa maza.

Abin da ya rikita lissafi shi ne hoto. A 1891 Max Wolf na Heidelberg ta Jamus ya soma farautar duwatsun nan da ɗaukar hoton sama. Na farkon da ya kama ta haka ya kira shi Brucia, don girmama Catherine Wolfe Bruce, wata attajira Ba'amurkiya wadda ta ba da kuɗin ƙera masa babban madubi. Duwatsu suka yi ta ɓullowa, tatsuniyoyi suka ƙare, tilas a yi doka.

Ga yadda a ke yi yanzu. In mutum ya hango sabon dutse, sai ya aika da labari Cibiyar Ƙananan Duniyoyi, wadda aka kafa a 1947, yanzu tana garin Cambridge na jihar Massachusetts a Amurka, ƙarƙashin Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya. Nan take a ke ba dutsen sunan wucin gadi, irin su Ɗanladi da Talatu a wajenmu, wanda ke faɗin lokacin da aka same shi. A kan fara da shekara, a bi da harafi mai nuna rabin wata: A daga 1 zuwa 15 ga Janairu, B sauran Janairu, haka har Y, ana tsallake I. Harafi na biyu da ɗan adadin da ke biye su ke nuna ko shi ne na nawa cikin makonni biyun nan. Ashe ke nan duk wanda ya ga 2004 MN4 ya san an gano shi a rabin Yuni na ƙarshe, shekarar 2004.

Ba a gaggawar raɗin suna, don dutse ya kan ɓace. Wanda a ke kira Albert an gan shi a 1911, ya sulale, ba a sake samunsa ba sai a 2000. Saboda haka sai an bi sawun dutse shekaru, an tabbatar da hanyarsa, sa'an nan a ba shi lamba ta dindindin. Daga ranar, wanda ya gano shi yana da shekara 10 ya kawo suna, haɗe da ɗan bayanin dalili, kwamiti ya duba.

Kwamitin nan kuwa yana da sharuɗɗa. Kada suna ya wuce harafi 16, ya kasance mai faɗuwa a baki, ba zagi a ciki, ba tallar haja, kada kuma ya yi kama da wanda aka riga aka bayar. Ɗan siyasa ko shugaban yaƙi sai ya shekara 100 da mutuwa. Mutum ba ya sa sunan kansa, ba a kuma sayen suna da kuɗi. Har da dabbobin gida an ja kunne, tun da wani masani ya sa wa dutse mai lamba 2309 sunan kyanwarsa, Mr. Spock, aka yi ta gunaguni.

Waɗansu duwatsun kuma gidansu ke zaɓa musu suna. Akwai runduna biyu da ke tafe a kan hanyar Mushtari, ɗaya gabansa, ɗaya bayansa. Na gaba a kan ba su sunayen jarumawan Girka na yaƙin Troy, na baya kuma na mutanen Troy. Amma kafin dokar ta kafu an riga an yi kuskure biyu: Hektor na Troy ya faɗa sansanin Girkawa, Patroclus na Girka ya faɗa na Troy. Har yau masana na yi musu ba'a da 'yan leƙen asiri.

To, mu koma ga 2004 MN4. Da aka auna hanyarsa a ƙarshen 2004, hankalin masana ya tashi, don sun ga alamar zai iya faɗo wa duniya a 2029, ga shi kuwa faɗinsa ya fi yadi 350. Da aka ƙara bincike aka tabbata zai wuce. Lambarsa 99942, sunansa Apophis, watau macijin duhu na tatsuniyar Masarawan dā, abokin gābar rana. Ran 13 ga Afrilu, 2029, zai gitta da nisan wajen mil 20,000 daga ƙasa, alhali wata ma yana can kusan mil 240,000. Mutanen Afirka da Turai za su iya ganinsa da ido. Nan amfanin lamba da suna ya bayyana, gama abin da ba a rubuta ba, ba a bin sawunsa.

Ba masu gemu kaɗai ke raɗin ba. Bennu, wanda kumbon Amurka ya ɗebo ƙurarsa ya kawo duniya a 2023, wani yaro ne ɗan shekara 9 ya zaɓa masa sunan a gasar da aka yi a 2013, sunan wani tsuntsu mai kama da zalɓe a wajen Masarawan dā. Akwai dutse mai suna Africa, wanda Cyril Jackson ya gano a Johannesburg a 1931. Akwai Al-Biruni, da Al-Khwarismi, da Avicenna, watau Ibn Sina. A 2021 kuma aka sa wa wani sunan Maram Kaire, masanin taurari ɗan Sanigal.

Duwatsun da aka sani yanzu sun haura miliyan 1, amma waɗanda aka yi wa suna ba su kai 30,000 ba. Fili ke nan a buɗe. Sai dai dokar ba ta da sani ba ta da sabo: wanda ya gano shi ke da bakin magana. In muna so wata rana a ji sunayen malamanmu da garuruwanmu a can, sai yaranmu sun riƙe lissafi da ilmin taurari hannu bibbiyu. Masu iya magana sun ce, zomo ba ya kamuwa daga zaune.