Yaro mai ɓata wando: duka ba ya warkar da taurin ciki

A karkarar Maraɗi da Damagaram, uwa ba ta jiran yaro ya yi baki kafin ta fara koya masa bayan gida. Tun yana goye take miƙe ƙafafunta, ta zaunar da shi a kansu da safe ko bayan ya sha nono, har jikinsa ya saba da lokacin. Wannan dabara ce mai kyau. Wahala daga baya take zuwa: yaro ya kai shekara 4 ko 5, ya daɗe da iya tsugunno, sai ga shi ya koma ɓata wando. Nan take a ce ƙiwuya ce, a ɗauko tsumagiya.

Amma masanan lafiyar yara sun tabbatar cewa mafi yawan irin waɗannan yara taurin ciki ke damunsu. Ga yadda abin yake farawa. Wata rana kashi ya bushe, yaro ya ji zafi wajen fitar da shi, sai ya ji tsoro ya fara riƙewa. To, kashin da aka riƙe ƙara bushewa yake yi, ya taru ya buɗa ƙarshen hanji, har yaro ya daina jin alamar matsuwa. Daga nan sai mai ruwa-ruwa ya riƙa silalowa ta gefen busasshen, ya zubo a wando ba da sanin yaron ba. Uwa ta gani ta zaci zawo ne, alhali ciki a cushe yake. Wannan tarin yakan danne mafitsara kuma, shi ya sa fitsarin kwance yakan biyo baya.

Abubuwan da ke jawo riƙewar a fili suke. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, yaro yana wasa yana gumi, ba mai tuna masa shan ruwa. Wani kuma bakin ramin salanga da duhunta yake tsoro. Wanda aka sa lakwal, in ya tarar da salanga da ƙazanta, yakan daure har a tashi.

Gyara daga gida yake somawa. A yawaita ba yaro ruwa mai tsabta. A haɗa masa tuwon hatsi da miyar kuka ko kuɓewa, da zogale, da wake, da gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne. Bayan cin abinci hanji yakan motsa da kansa, saboda haka a zaunar da shi a fo kamar minti 5, ƙafafunsa a ƙasa. In ya yi a yaba masa, in bai yi ba a ƙyale shi sai an jima. A zubar da kashin a salanga, a wanke hannu da sabulu. Idan cikin ya riga ya cushe, abinci kaɗai ba ya isa; sai an je likita an karɓi maganin tausasa kashi, wanda sau da yawa akan yi watanni ana sha. Tura wa yaro sabulu ko jiƙo ta dubura yana iya yi masa rauni.

Game da fitsarin kwance, kimanin yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna yinsa, yawancinsu kuma suna bari da kansu in sun ƙara girma. Ɗora wa yaro jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, ƴan uwansa na binsa da dariya, kunya kawai yake ƙara masa, domin barci yake yi lokacin da abin ya faru.

Jariri mai shan nono zalla, kamar yadda ake so har wata 6, yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, kuma lafiya lau yake muddin in ya zo da taushi. Amma akwai alamun da ba a kwana da su: jaririn da ya wuce awa 48 da haihuwa bai yi kashin fari ba, kumburin ciki tare da koren amai, yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ko jini a fitsari, wanda a garuruwan bakin kogi da na madatsun ruwa irin na Ƙonni yakan zama tsargiya. Waɗannan sai a kai yaro wurin lokotoro a ranar.