Shirya Sautin Waƙa Kafin a Miƙa wa Mai Haɗawa

A ɗakin ɗaukar waƙa na zamani, wato situdiyo, ba a ɗaukar waƙa a dunƙule kamar yadda rikoda kan yi a wajen biki. Kowane sauti da layinsa: muryar mawaƙi daban, ta 'yan amshi daban, kalangu daban. Wannan dabara ta bunƙasa ne a Amurka, inda kamfanin Ampex ya ƙera wa makaɗin nan Les Paul na'ura mai layi 8 a shekarar 1957. A shekarun 1970 kuwa, zare mai faɗin inci 2, mai ɗaukar layi 24, ya zama ruwan dare. In an gama ɗauka sai haɗawa, wato daidaita ƙarfin kowane layi har su zama waƙa guda. Sau da yawa wanda ya ɗauka ba shi ke haɗawa ba, kuma a nan ne gizo ke saƙar, domin mai haɗawa bai halarci ɗaukar ba, abin da aka miƙa masa kawai ya sani.

A zamanin zare, akan haɗa masa da takarda mai bayyana abin da ke kan kowane layi. Yanzu da aiki ya koma kwamfuta, fayil-fayil ake aikawa, kuma babban sharaɗinsu shi ne duk su faro daga wuri ɗaya. Alal misali, idan 'yan amshi sai a minti na biyu suka shigo, ba a yanko muryarsu ita kaɗai. Akan fitar da layin tun daga daƙiƙar farko, ko da shiru ne a gaba, don in mai haɗawa ya jera layukan kowa ya faɗa mazauninsa. In ba haka ba, sai ya koma lalube da kunne, alhali kalangu ko ƙiftawar ido ya goce daga murya, rauji ya watse. Haka nan kowane fayil a raɗa masa suna bayyananne.

Dangane da nau'in fayil, WAV ake so, ba MP3 ba, saboda MP3 yakan zubar da wani sashe na sautin don rage nauyi. A kuma bayyana ma'aunin da aka yi ɗauka da shi, ko 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa. Idan aka kunna na 48,000 a matsayin na 44,100, waƙar za ta yi sanyin tafiya da kusan kashi 8 cikin 100, murya kuma ta yi kauri.

Masu ɗauka da yawa kan yi ɗokin ƙawata murya da amsa-kuwwa kafin aikawa. Wannan kuskure ne, don kamar gishiri ne a miya: zubawa da sauƙi, tsamewa babu hali. In har adon ya zama jinin waƙar, sai a aika biyu, mai ado da marar ado. Kada kuma a cika ƙarfin sauti har ya fashe.

Yana da kyau a haɗa da haɗin wucin gadi da mawaƙin ya saba ji, da kuma baitocin a rubuce. Injiniyan da ke Legas ko Landan, wanda ba ya jin Hausa, yana iya danne kalmar da ita ce zuciyar baitin a ƙarƙashin kiɗa bai sani ba.