Faifan Da Ya Fito Da Waƙoƙin Bishara Daga Majami'a

A shekarar 1991 ne BeBe Winans da ƙanwarsa CeCe, haifaffun birnin Detroit na Amurka, suka fitar da faifan "Different Lifestyles", inda suka ɗora waƙoƙin bishara kan kiɗan soul da funk da pop.

Waƙoƙi biyu daga ciki, "Addictive Love" da kuma "I'll Take You There" wadda suka rera da Mavis Staples, sun zo na ɗaya a jerin R&B na mujallar Billboard.

Wasu mabiya majami'u dai sun zarge su da karkata ga kiɗan duniya. Duk da haka, faifan ya lashe lambar Grammy a 1992, ya kuma share wa mawaƙa irin su Kirk Franklin fage.