Ingilishin kasuwa: ƙananan kalmomin da ke iya cinye uwar kuɗi



Kwanakin baya wata Hajiya daga Cadawa, cikin yankin Agye, ta bugo mini waya ana tsakiyar shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, muryarta tana rawa. Buhu ashirin na aya ta ɗora wa mota zuwa ga wani abokin cinikinta na kudancin Najeriya, bayan ya aiko mata da saƙon waya yana cewa "I will send the money". Yaron da ya karanta mata ya gane kalmar aikawa da ta kuɗi, sai ya ce: "Hajiya, ya turo kuɗin." Alhali kuwa mutumin cewa ya yi ZAI turo. Haka ta shafe wata biyu tana bin bashin da ba ta yi niyyar bayarwa ba.

Kowa ya san ɗan kasuwar Gazawa ko Gidan Rumji ba ya buƙatar tafinta a Jibiya, ko Katsina, ko kasuwar Dawanau ta Kano. Sai dai yawancin waken da ayar da dabbobin da muke kaiwa ba a nan suke tsayawa ba, har Legas da Anaca suke isa, kuma rasit da saƙon bankin Najeriya duk da Ingilishi suke zuwa. Ga shi a shekarar 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ta kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Haka nan a 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi. Ke nan hulɗa da masu wannan harshe ƙaruwa za ta yi.

Albishir shi ne, ginin jimlar Ingilishi bai yi nisa da namu ba. Mai aiki ne a farko, sai aikin, sai abin da aka yi wa aikin. "Musa buys beans", wato Musa yana sayen wake. Inda ake tuntuɓe wurare huɗu ne.

Na farko, lokaci. Bahaushe yana cewa na biya, ina biya, zan biya. Ingilishi ma haka: "I paid" ko "I have paid" shi ne na biya, "I am paying" ina biya, "I will pay" kuwa zan biya. Duk inda kika ga "will", Hajiya, alƙawari ne, kuɗi ba su tashi ba tukuna.

Na biyu, musu. Mu muna sa "ba" gaba da baya, kamar yadda waɗanda suka yi lakwal suka san Faransanci na yi da "ne" da "pas". Shi Ingilishi kalma ɗaya gare shi, "not", kuma sau da yawa ana gutsure ta a liƙa wa wata. "I did not pay" da "I didn't pay" duk ma'anarsu ban biya ba. "I won't pay" kuma ba zan biya ba ne. Ɗan wannan wutsiya shi ke juya magana baki ɗaya.

Na uku, tambaya. Mu ɗaga murya kawai muke yi: ka biya? Su kuwa ƙaramar kalmar ce ke dawowa gaba: "Did you pay?" ka biya? "Will you pay?" za ka biya? A kula da "how much", tambayar farashi ce, yayin da "how many" ke tambayar yawan abin da ake ƙirgawa, kamar buhu ko kan dabba.

Na huɗu, lissafi. Mu muna cewa buhu biyu, su kuma adadin ne ke gaba, "two bags". Babban haɗari yana tsakanin "fifteen" da "fifty", wato 15 da 50, ko "thirteen" da "thirty", 13 da 30. A waya, cikin hayaniyar tasha, kusan ɗaya ake jin su. Maganinsa a ce wa mutum ya rubuto da lamba, ya kuma faɗi Naira yake nufi ko Sefa.

Akwai kuma wani tarko. Da yawa daga cikin abokan cinikinmu Turancin buroka suke yi, wanda yake da nasa tsarin. "I don pay" a bakinsu na riga na biya ne, ba shi da alaƙa da "don't" ta musu. "I go pay" zan biya ne, kamar yadda "za" ɗinmu take nufin tafiya a cikin "ina za ka?". "I never pay" kuwa ban biya ba tukuna yake nufi.

Ba ce muku nake ku bar rumfa ku koma aji ba. Amma idan yaro zai karanta muku saƙo, a ce ya karanta daga farko har ƙarshe, a tambaye shi: akwai "will" a ciki? Akwai "not"? Sannan ko saƙon ya ce an turo, kada kaya su bar sito sai kuɗi sun shiga hannu ko asusu, domin gani ya kori ji.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raba mu da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.